Akwatin poka mai ƙwandala 300 da na sayo daga Legas: sa'a ce ko iyawa?

Akwati ne na alminiyom mai hannu da 'yan makullai biyu. Bai fi jakar kwamfuta girma ba, amma in ka ɗauko shi daga cikin tasha zuwa bakin titi sai kafaɗarka ta gaya maka. A ciki akwai ƙwandalolin roba 300 a jere cikin ramukansu: farare 100, sai ja da shuɗi da kore da baƙi, 50 kowanne a ƙa'ida. Akwai karta fakiti biyu, da 'ya'yan ludo biyar, da wani farin faifai da ake ajiyewa gaban mai rabo, da takardar bayani falle ɗaya da Turanci. Kayan wasan poka ke nan, samfurin da ake kira Texas Hold'em. Na saye shi wajen wani mai shago a Legas da ke tallar kayansa a Instagram, naira dubu 42 har da kuɗin motar da ta kawo shi Gusau. Sunan shagon ba shi da amfani a nan. Kayan China ne, duk wanda ka tura wa kuɗi kusan abu ɗaya zai aiko maka, a farashi kawai suke saɓawa.

Kafin wani ya sha wahalar rubuto mani nasiha, ba mu sa ko kwabo a ciki. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan garin, kuma shekara da shekaru darasin da ya fi ba ni ciwon kai a aji biyu na babbar sakandare shi ne lissafin yiwuwa. Littattafan cike suke da misalin jaka mai ƙwallaye ja da shuɗi, da misalin karta mai kati 52, alhali yaran Whot suka sani, wanda katinsa 54 ne kuma tsarinsa daban. Ina neman abin da za su taɓa da hannu. Abu na biyu da ya ja ni shi ne maganar da mai shagon ya rubuta ƙarƙashin hoton akwatin, wai poka ba caca ba ce, wasan basira ne zalla. Na so in ga iyakar gaskiyar wannan magana da idona.

Ƙwandalolin su ne suka fanshi kuɗin. An rubuta cewa kowace ɗaya giram 11.5 ce. Na kai goma ɗakin gwaje-gwajen makaranta na aza a sikeli, ba su yi mani ƙarya ba. Ɗaya ta faɗi kan siminti ta tsage, sai ga ɗan faifan ƙarfe a cikinta, ashe nauyin nasa ne. Masu talla na yi wa nauyin nan kirari kamar shi ne inganci, alhali waɗanda ake amfani da su a manyan gidajen wasan Las Vegas wajen giram 10 ne, wasu ma ba su kai ba. Babu lamba a jikinsu, kuma na fi son haka, kai ne za ka ce fara ɗaya, ja biyar, baƙa ɗari. Aibinsu santsi. Ka jera ashirin kan tabarma, wani ya gyara zama, sai su watse har ƙarƙashin benci. Sai da uwargida ta ba ni wani tsohon bargo muka shimfiɗa kan tebur sannan suka natsu.

A aji kuwa sun yi abin da alli ya kasa. Na zuba ja 5 da shuɗi 3 a jakar yadi, na tambayi yara yiwuwar a zaro ja sau biyu a jere ba tare da an mayar da ta farko ba. A allo amsar ita ce 5/8 sau 4/7, wato 5/14, kusan kashi 36 cikin ɗari. Wata yarinya a layin gaba ta taso ta zara: ja, ja. Ta sake: ja, ja. Aji ya kaure da ihu, wani daga baya ya ce, "Malam, lissahinka ya ƙi!" Na ce to kowa ya taso ya zara, mu riƙa rubutawa. Kafin a kaɗa ƙararrawa allo ya cika, adadin kuma ya sauko ya zauna kusa da inda alƙalami ya ce. Karta ban kai ta makaranta ba, ba kuma zan kai ba. Shugaban makaranta ya ga ƙwandalolin ya tambaya, na ce kayan koyarwa ne, ya juya ɗaya a hannu ya ce Allah ya taimaka.

Akwatin kansa kyan gani ne kawai. Ƙwandala 300 sau giram 11.5 ta kama kusan kilo uku da rabi, duk a rataye da hannun roba da aka kafe da 'yan ƙusoshi biyu. Nawa ya fara lilo tun watan farko, yanzu rungumarsa nake yi. Makullan ado ne, bakin cokali ma na buɗe su. Soson da aka liƙa a ciki ya ɓamɓare da zafin Afrilu ya kankama. 'Ya'yan ludon nan ba su da aikin komai a wannan wasa, cikon akwati ne, na kwashe su na jefa durowa.

Ga wanda bai san wasan ba, haka yake. Ana ba kowa kati biyu a rufe. Sai a baje biyar a tsakiya a buɗe, uku tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi daga nasa biyun da na tsakiya. Kafin a buɗe komai, da bayan kowace buɗewa, ana zagaye: ko ka zuba ƙwandala, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka kife katinka ka fita. In kowa ya fita aka bar mutum ɗaya, ya kwashe tulin tsakiya ba tare da ya nuna wa kowa abin da ke hannunsa ba. A wannan ƙa'idar ta ƙarshe gizo ke saƙa, kuma takardar da ta zo cikin akwatin ko ambatonta ba ta yi ba. Hotunan haɗe-haɗen kati kawai ta jera daga babba zuwa ƙarami, ba ta ma faɗi dalilin jerin ba. Dalilin kuwa ƙidaya ce. Daga kati 52 ana iya fitar da haɗin biyar iri 2,598,960. A cikinsu 10,200 ne ke ba ka biyar masu bin juna a lamba, 5,108 ne ke ba ka biyar masu zane iri ɗaya, shi ya sa na biyun ya fi na farkon daraja. Wanda ya fi duka, wato 10 da J da Q da K da A masu zane ɗaya, huɗu ne kacal, sau ɗaya cikin 649,740. Wanda ya sayi akwatin nan yana zaton takardar za ta koya masa wasa, sai dai ya nemi bayani a YouTube.

Muna zama daren Asabar bayan Isha'i a zauren gidana a Tudun Wada. Yawanci mu shida ne: ni, da ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da tela maƙwabcina, da mai kemis na bakin layi, da wani direba da ke jigila tsakanin Gusau da Kaura Namoda, sai wani dattijo tsohon ma'aikacin masaƙa da duk muke ce wa Baba. Baba gwanin dara ne, a unguwar nan ban san wanda ke zama gabansa ya tashi da fara'a ba. Kowa ana ba shi ƙwandala daidai da ta kowa, in an tashi a ƙirga, ni kuma in rubuta a wani tsohon littafin rajista.

Akwai wani rabo da har yanzu ake tsokanar Baba da shi. An ba shi A biyu, wanda shi ne mafi ƙarfin abin da za a fara da shi, kuma sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Direba na riƙe da 9 da 4 masu zanen zuciya, kayan da mai hankali ke kifewa tun kafin a buɗe komai. Bai kife ba, ba ya kifewa dama. Aka buɗe uku, biyu masu zuciya. Aka buɗe na huɗu, baƙi, bai taimaki kowa ba. Baba ya turo ƙwandalolinsa gaba ɗaya tsakiya, ya naɗe hannu. Abin da ya rage wa direba shi ne kati na ƙarshe ya zo mai zuciya. Masu zuciya 13 ne a fakiti, yana ganin huɗu, saura tara, cikin 46 da bai gani ba. Sau ɗaya cikin biyar ke nan, ma bai cika ba. Ƙanena, da ya riga ya fita, ya rufe ido. Direba ya yi dariya ya ce, "Baba, burga ta kake yi," ya ture nasa duka. Mai kemis ne ke rabo. Ya juya katin ƙarshe, 2 mai zuciya.

Direba ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi. "Baba, ka gani ko? Sa'a ta hi manyan kaya!" Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, in dai haka za ka riƙa yi, don Allah kada ka hwasa zuwa ranar Asabar."

Wanda ya leƙo zauren a daren nan ya tafi, zai rantse sa'a ce zalla, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Ko A biyun nan da ake ji da su, in da mutum ɗaya ka kara mai riƙe da duk abin da ya samu, sau 85 cikin ɗari za ka ci, sauran 15 nasa ne. In K biyu gare shi, naka ya sauko wajen 82. In mutum biyar suka bi ka har ƙarshe, damarka ba ta wuce rabi ba. Babu wayon da zai canza katin da ke saman fakiti.

Sai dai rajistata ba ta san dare ɗaya ba. Daga daminar bara zuwa yanzu, in aka haɗa shafukan, Baba ne a sama da rata mai yawa, ƙanena na bin sa, ni da mai kemis muna tsakiya muna musayar wuri, direba na can ƙasa. Abin mamakin shi ne direban ne ke da dare mafi girma a littafin gaba ɗaya, kuma shi kaɗai yake tunawa. In na nuna masa jimla sai ya ce, "Malam, biron nan naka ɗan jam'iyyar Baba ne."

Na zauna na lura da abin da Baba ke yi daban. Mafi yawan rabo kifewa yake yi, ya zauna yana kallon hannayen mutane. Ya gane cewa mai kemis in katinsa ya yi kyau shiru yake yi, in babu komai sai ya tsiri hira. Ya gane ƙanena na sake leƙa katinsa in yana jiran katin da zai cika masa biyar masu zane ɗaya. Ya fi son shiga in shi ne na ƙarshen magana a zagaye, bayan ya ji abin da kowa ya yi. Sannan, ko da yake bai taɓa zama ajina ba, yana auna farashi. A ce akwai 100 a tsakiya, wani ya zuba 50. Kai za ka sa 50 don ka kwashi tulin da zai zama 200, saboda haka sai in kana ci sau ɗaya cikin huɗu ne abin zai biya. Mai jiran zane da kati ɗaya ya rage bai kai haka ba, fita ya kamace shi. Amma in 20 aka zuba, za ka sa 20 a tulin 140, sau ɗaya cikin bakwai ya ishe ka, sai ka bi. Katin hannunka bai canza ba duka biyun, hukuncin ne ya bambanta. Baba ba ya kiran waɗannan lambobi, cewa yake yi "wanga ya yi tsada" ko "wanga araha ne", amma ban cika kama shi a kuskure ba.

Akwai gwajin da nake yi wa mai gardama. In muka ce mu jefa kwabo sama, za ka iya faɗuwa da gangan? Ba ka iyawa, ko ka so ko ka ƙi rabi za ka ci. A poka kuwa ba ni minti goma in ga bayan ƙwandalolina duka in na yi niyya. Duk wasan da mutum ke iya lalatawa da gangan, akwai abin da ke hannunsa a ciki.

Waɗanda suka fi mu kayan aiki sun auna abin. Babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas ake yin ta tun 1970. Masana biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Thomas Miles, sun ɗauki sakamakon gasar 2010, suka ware 'yan wasan da tun kafin a fara an san su da ƙwarewa, suka kwatanta su da sauran jama'a. Ƙwararrun sun fita da ribar sama da kashi 30 cikin ɗari na abin da suka zuba, sauran kuwa da asarar wajen kashi 15. A watan Janairun 2017 wata manhaja mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh har kwana 20, rabo 120,000, ta kuma doke su. Abin da ya fi burge ni a wannan karon shi ne tsarin da aka bi. An raba mutanen gida biyu, katin da aka ba mutum a ɗaki ɗaya shi aka ba na'ura a ɗaya ɗakin, don kada wani ya ce rabo ne ya cuce shi. Ka kuma dubi yawan rabon. Da iyawa na fitowa fili da wuri, ai da rabo ɗari ya wadatar. Sai da suka yi dubu 120 kafin su yarda ƙurar sa'a ta lafa. Mu a zaure ba mu fi 'yan gomomi a dare ba, shi ya sa ko rajistata ba na rantsuwa da ita, ishara ce kawai.

Ɓangaren sa'a ma na da nasa shaidun. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya samu kujera ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. Johnny Chan ya ci babbar gasar a 1987 da 1988 a jere, lokacin masu shiga ba su kai 200 ba. Tun daga nan ba wanda ya sake ci sau biyu a jere, a 2023 da 2024 kuwa masu shiga sun haura 10,000. Gwanaye ba su ƙare ba, taron ne ya yi yawan da komai iyawarka sai kati ya yi maka alheri sau da yawa a jere kafin ka kai teburin ƙarshe.

A dara Baba ba ya da wannan matsala. Ramuka 30 ne, kowa da 'ya'yansa 12, komai a fili, ba abin da ke rufe. Direba ya taɓa zama gabansa a dara, aka yi masa cin ƙaniya, bai sake komawa ba. A poka kuwa duk Asabar shi ne farkon zuwa, don ya taɓa ganin daren da ya tashi da ƙwandalolin Baba duka. A ganina wannan shi ne abin da mai shagon bai rubuta ƙarƙashin hotonsa ba. Sa'ar da ke cikin wasan ita ke riƙe mara iyawa a kan tebur, iyawar kuma ita ke kwashe masa kaya sannu a hankali. Da ƙwandalar roba abin dariya ne. Da kuɗi kuwa, cewa wasan na gwaninta ne ba albishir ba ne ga sabon shiga, gargaɗi ne, domin gwanin ba shi ba ne. Ga shi gidajen da ake yi da kuɗi, na fili da na waya, suna yankar kasonsu daga kowane tuli, ko da ku duka iyawarku ɗaya ce sai kun tashi da ƙasa da abin da kuka zo da shi.

Yanzu ga inda akwatin ya ba ni haushi sosai, wato kartar. Takarda ce aka shafa wa roba sama-sama. Sanyin hunturu ya sa ta lanƙwashe, zufar bazara ta sa ta kumbura tana mannewa. Masana lissafi biyu, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna a 1992 cewa sai an yi wa fakiti cakuɗar nan ta raba biyu a saƙa su cikin juna wajen sau bakwai kafin ya gauraya yadda ya kamata. Wannan kartar ba ta jure haka, gefenta ke fara tashi. Wani lokaci sai muka ga tela, wanda can baya ba ya gaba ba ya baya, ya fara ci ba ƙaƙƙautawa, yana fita daidai lokacin da ya kamata kamar ana raɗa masa. Na fara tunanin ko ya samu wani karatu ne a ɓoye. Wani dare shi da kansa ya ajiye katinsa ya ce, "Malam, ni dai ba ni iya ci gaba da wanga abu, ina ganin katinku." Ya ɗauko fakitin a kife ya fara zarowa: wannan A ne baƙi, kusurwarsa ta karye, wannan K ne, akwai ɗigon shayi a bayansa, wannan Q ce, gefenta ya yi fari. Ya kira takwas bai kuskure ko ɗaya ba. Mutumin da ke zura zare a allura da hasken waya, me zai ɓoye masa? Sai da na ja layi a kan shafukan makonnin nan na fitar da su daga lissafi. Fakiti na biyu ma bai daɗe ba ya bi sahu. Daga baya na sa aka sayo mani karta ta roba zalla daga Kano, wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ita muke amfani da ita har yau ba tabo. Duk mai sayen akwatin nan ya sa kuɗin wannan a lissafinsa tun farko.

Na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu wurinsa, don ban so in yi wa kaina fatawa. Na ce, "Allah gafarta Malam, in aka tabbatar wasa na iyawa ne, hukuncinsa na canzawa?" Ya ce in da kuɗi a tsakani, ko da tseren gudu ne ku biyu kuka zuba wanda ya ci ya kwashe, tambayar ba ta taso ba. Ya karanto aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, ya ce in duba, illar da aka ambata ita ce gaba da ƙiyayya da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla, kuma gwani da ɗan koyo duk suna faɗawa ciki. In babu kuɗi, ya ce, nan ne malamai suka yi magana daban-daban. Malaman Shafi'iyya sun bambanta wasan da ya dogara ga tunani da wanda ya dogara ga jifa, suka sassauta a na farko suka tsananta a na biyu. Amma Risala da muke karantawa a nan ta hana nardu, wasan jifa, da shaɗaranji (chess), wasan tunani, duka biyu, ba ta raba ba. Shawararsa, bari ya fi. Mai kemis da ya ji haka ya ɗauke ƙafa na wani lokaci, kuma ban ga laifinsa ba. Mu da muka ci gaba mun kafa sharaɗi: ba kuɗi, ba cewa wanda ya faɗi ya sayi shayi ko tsire, ba a kaiwa tsakar dare.

Abin da ya ba ni dariya shi ne kotun Amurka ma kusan nan ta tsaya. A 2012 wani alƙalin tarayya a Brooklyn, Jack Weinstein, ya yanke cewa iyawa ta rinjayi sa'a a poka, ya wanke wani mutum da aka kama yana gudanar da wasan. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ba ta ce alƙalin ya yi kuskure a maganar iyawa ba, cewa ta yi dokar da ake magana a kai ba ta rataya ga wannan tambayar ba. Mu kuwa a Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'a a nan Gusau a Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki a Janairun 2000, caca laifi ne a doka. Ba na jin akwai wanda zai tsaya gaban Hisba da kuɗi a kan tebur ya kare kansa da binciken Jami'ar Chicago.

To wa ya kamata ya saya? Malamin lissafi zai amfana da ƙwandalolin ƙwarai, amma shi ba ya bukatar akwatin gaba ɗaya. Ya tambayi mai shago ko yana sayar da su zalla, guda 100 masu launi uku sun ishi aji. Masu zaure irin namu, mutum biyar zuwa shida, 300 ta wadatar, ba sai an sayi mai 500 ba. Wanda kuma ya san wayarsa na da manhajar cacar ƙwallo, ko yana da yaro a gida da ya fara leƙa irin waɗannan shaguna, ni ba zan ba shi shawarar shigo da wannan akwati gidansa ba, ko da kyauta aka ba shi. Tazarar da ke tsakanin ƙwandalar roba da "mu ɗan sa ɗari biyu don abin ya yi armashi" gajera ce, direba ya taɓa kawo wannan shawarar, Baba ne ya kashe ta da kallo ɗaya.

A dubu 42 ya yi tsada idan aka duba cewa kartar ta banza ce kuma hannun akwatin ba zai shekara ba. In za ka saya, ka sa mai shagon ya ɗauko maka bidiyo yana ƙirga layukan ƙwandalar kafin ya rufe, don nawa ya zo da kore 49. Ka kuma ce ya saka shi cikin kwali ya naɗe da salatif, ya rubuta "kayan wasa" a jiki. Akwatin alminiyom mai makulli da nauyi haka, tsirara a bayan mota, direban da ya kawo nawa ya ce tsakanin Funtuwa da Tsafe babu shingen binciken da ba a sa shi ya buɗe ba.